Ayarin Da Ba Shi Da Madugu: Abin Da Masana Kimiyya Suka Gano Game Da Tafiyar Farin Ɗango

A watan Oktoba na shekarar 1988, mazauna wasu tsibiran Karibiyan sun wayi gari sun tarar da wata irin fara da ba su saba gani ba, birjik a bakin teku da cikin gonaki. Daga Afirka ta Yamma ta taso, ta ƙetare tekun Atilantika, tafiyar kimanin kilomita 5,000 cikin kwanaki goma. Wannan kuwa wani reshe ne kawai na annobar farin ɗango da ta addabi ƙasashen Sahel da arewacin Afirka daga 1986 zuwa 1989.

Bisa ga lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, cincirindon fara mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yakan ƙunshi ƙwari miliyan 40 zuwa miliyan 80. Kowace ɗaya tana cin abinci daidai nauyin jikinta a yini, wato kimanin giram 2, saboda haka ƙaramin cincirindo na miliyan 40 yana lashe abin da zai ciyar da mutum 35,000 a rana guda. Idan iska ta ba shi baya, yana iya cin kilomita 150 kafin faɗuwar rana. Ke nan abin da ya kwana a wata ƙasa yau, gobe yana iya yin kalaci a gonar wata.

Duk wanda ya san tarihin fatauci ya san cewa ayari ba ya tashi sai da madugu. Shi ne ya san zango, ya san rijiya, shi ke cewa a tashi ko a sauka. To, wane ne madugun ƙwari miliyan 40? Masu nazarin dabbobi sun daɗe suna kai da komo a kan wannan tambaya, har wani Baturen Ingila mai nazarin tsuntsaye, Edmund Selous, ya kai ga cewa a 1931 wataƙila tsuntsaye suna aika wa juna tunani ne kai tsaye, domin ya kasa gano wata hanya da dubbansu za su juya lokaci guda. Amsar da ake da ita yanzu ta fito ne daga haɗin gwiwar masana ƙwari da masana ilmin fiziks, kuma ita ce: babu madugu. Sanin yadda ayari ke tafiya ba tare da shi ba yana da tasiri a kan kuɗin da gwamnatoci ke kashewa da kuma farashin buhun gero a kasuwa.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne fara ba a cikin taro take rayuwa kullum ba. A shekarun da ake zaman lafiya, farin ɗango suna warwatse ne a cikin hamada, a yankin da ya kai murabba'in kilomita miliyan 16 daga Muritaniya zuwa Indiya. A wannan hali kowace tana gudun 'yar'uwarta, 'ya'yanta koraye ne masu sajewa da ciyawa, manyan kuma sai dare ya yi suke tashi. Bambancin wannan da mai zuwa a runduna ya kai ga an daɗe ana ɗaukar su jinsi biyu dabam, sai a 1921 wani masanin ƙwari haifaffen Rasha, Boris Uvarov, ya nuna cewa ƙwaro ɗaya ne ke sauya hali da kama.

Abin da ke jawo sauyin shi ne cunkoso. Idan aka yi ruwa mai yawa a hamada, ciyawa ta tsiro, fara takan zuba ƙwai a cikin yashi mai danshi, ta hayayyafa. Da ruwa ya ɗauke, sai ciyawar ta soma bushewa, ta rage a 'yan kwazazzabai da gindin duwatsu, ƙwarin da a da ke gudun juna kuma yunwa ta tilasta musu haɗuwa a wuri guda. A 2001 Farfesa Stephen Simpson da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford ta Ingila sun ɗauki ɗan burushin fenti suna shafa sassan jikin fara ɗaya bayan ɗaya, don su ga ina ne makunnin yake. Suka tarar cewa cinyar ƙafar baya ce. Idan aka yi ta taɓa wurin a kai a kai, kamar yadda zai faru a cikin turmutsutsu, cikin sa'o'i kaɗan mai gudun taro takan koma mai neman taro. A 2009 aka gano cewa wani sinadari da ake kira sirotonin, wanda akwai shi a ƙwaƙwalwar ɗan Adam ma, yana ninkuwa kusan sau uku a jijiyoyinta a daidai wannan lokaci. Launi yakan biyo baya: 'ya'yan su koma baƙi da rawaya, manyan su yi ja-ja, sa'an nan rawaya idan sun isa haihuwa.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar dogon bayani a kan abin da ke biyo baya, domin lissafin riba a kan riba ne. Idan yanayi ya yi kyau, yawan fara yana ninkuwa sau 20 cikin wata uku, sau 400 cikin wata shida, sau 8,000 cikin wata tara.

Sai dai taruwa dabam, tafiya gaba ɗaya ta fuska guda dabam. Jama'ar da ke cikin kasuwa ranar cinta taro ne, amma kowa inda ya dosa dabam. A nan ne masana fiziks suka shigo cikin maganar.

A 1995 wani shehun malami ɗan ƙasar Hungari, Tamas Vicsek, na jami'ar Eotvos da ke Budapest, tare da abokan aikinsa, ya tsara wani gwaji a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ya zuba ɗigo-ɗigo masu yawa a fili, ya ba su doka mai sauƙi. Kowane ɗigo yana tafiya da sauri iri ɗaya. A kowane taku yana duban waɗanda ke kusa da shi, ya ɗauki matsakaicin inda suka fuskanta ya bi. Amma kuma ana sa masa ɗan kuskure, yadda ba zai bi daidai wa daida ba. Babu ɗigon da ya san inda taron ya nufa, babu kuma wanda ya fi wani. Abin da ya bayyana shi ne idan ɗigon ba su da yawa, ko kuskuren ya yi girma, sai a yi ta watangaririya, jimlar tafiyar taron ta tashi a sifiri. Amma da an ƙara yawansu, ko an rage kuskuren, har aka ƙetare wata iyaka, sai dukansu su miƙe ta fuska guda kamar an yi musu shela. Fuskar da za su bi kuwa ba wanda ya zaɓe ta. Idan aka sake gwajin, wata dabam za su ɗauka.

Masana fiziks sun gane wannan hali nan take, domin sun san shi a wasu wurare. Ruwa yana nan ruwa yayin da sanyi ke ƙaruwa, har a kai wani ma'auni ya zama ƙanƙara. Mai sayar da man ja ya san yadda yakan yi barci a cikin garwa da hunturu. Ƙarfe ma haka: a cikinsa akwai ƙananan maganaɗisu bila adadin, kuma idan zafinsa ya wuce digiri 770 a ma'aunin Selshiyos sai su hargitse, kowane ya fuskanci inda ya ga dama, idan ya huce ƙasa da haka sai maƙwabta su soma jeruwa da juna. Abin da Vicsek ya ƙara shi ne nasa maganaɗisun suna tafiya, suna sauya maƙwabta, suna ɗaukar labari daga wannan gefe zuwa wancan. A wannan shekara ta 1995 wasu masana biyu a Amurka, John Toner da Yuhai Tu, suka nuna ta hanyar lissafi cewa wannan tafiyar ce ke ba taro damar riƙe fuska guda komai faɗinsa. Masu shirya fina-finai ma sun riga kowa cin moriyar irin wannan tunani, domin tun 1987 Craig Reynolds ya fito da wasu dokoki uku na zana taron tsuntsaye a na'ura, aka kuma yi amfani da dabararsa wajen zana jemagu a wani fim na Batman a 1992.

An gwada wannan ra'ayi a kan fara ta gaske a 2006, a Oxford. An yi wani fili mai kama da zobe, faɗinsa santimita 80, ana zuba 'ya'yan fara waɗanda ba su yi fiffike ba, daga biyar har zuwa 120, ana ɗaukar hotonsu na tsawon sa'o'i takwas. Idan ba su da yawa, kowace sha'aninta take yi. Da suka kai kimanin 25 zuwa 60 a murabba'in mita ɗaya, sai suka soma zagaya zoben tare, amma lokaci-lokaci dukansu su juya su koma ta baya ba tare da wani ya taɓa su ba. Da suka haura 70, sai suka ɗauki fuska guda suka riƙe har aka tashi. An karɓi wannan sakamako hannu bibbiyu, kuma kusan shekara ashirin ana kafa hujja da shi cewa yawa shi ne ke haifar da tsari.

Shekaru biyu bayan haka aka gano wani dalili maras daɗin ji na wannan tattaki. Fara tana cin 'yar'uwarta, musamman idan ta rasa gishiri da abinci mai gina jiki. Wadda ta tsaya, ta bayanta za ta kai mata cizo. Wadda ke gabanta kuma ita ma abinci ce idan ta yi sake. Da masu bincike suka yanke jijiyar da ke sa fara ta ji an taɓa ta ta baya, sai tafiyar ta yi rauni, cin juna kuma ya ƙaru. Wanda ya hango rundunar daga nesa zai ce haɗin kai ne, alhali kuwa kowace tana gudun bakin ta baya ne tana bin ta gaba.

A ɓangaren tsuntsaye, aikin da ya fi shahara an yi shi ne a birnin Rum na Italiya, inda wasu baƙaƙen tsuntsaye kan taru dubbai da hunturu suna shawagi da magariba kafin su sauka kan itatuwa. Wasu masana fiziks, cikinsu har da Andrea Cavagna, Irene Giardina da Giorgio Parisi, wanda ya sami lambar Nobel a 2021, sun kafa na'urorin ɗaukar hoto a kan rufin wani gini kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, suka fitar da matsayin kowane tsuntsu a sarari, a cikin taron da ya kai 2,600. Sakamakon da suka bayyana a 2008 shi ne kowane tsuntsu yana lura ne da maƙwabta shida ko bakwai mafiya kusa da shi, ko sun matso ko sun yi nisa. Wannan ƙaramin bambanci da dokar Vicsek yana da amfani babba, domin idan shaho ya faɗo taron ya buɗe, ba wanda zai rasa abokan bi, sai a sake haɗewa. A 2014 kuma suka auna yadda juyi ke ratsa taro: 'yan tsuntsaye kaɗan a gefe guda ne ke somawa, labarin ya bazu da saurin mita 20 zuwa 40 a daƙiƙa, ya game tsuntsu 400 cikin kimanin rabin daƙiƙa. Abin da Selous ya zaci aika tunani ne, ashe saurin da idon mutum ba ya iya bi ne kawai.

Manoman shinkafa da alkama a fadamun Haɗeja da Nguru, da na Kebbi da Sakkwato, sun san irin wannan shawagi a wurin jan-baki, wanda ake ƙiyasta yawansa a Afirka da biliyan ɗaya da rabi. Kowane ɗaya yana cin kimanin giram 10 na hatsi a yini, don haka taron miliyan biyu yana iya ɗauke tan 20 kafin magariba. Halin nan nasa na tattaruwa shi ne kuma lagonsa, abin da ya sa masu feshi da jirgin sama kan nemi makwancinsa a cikin kacala da ƙayoyi maimakon su bi shi gona-gona.

To amma labarin fara bai tsaya a 2006 ba. A watan Fabrairu na 2025 mujallar Science ta buga wani bincike daga birnin Konstanz na Jamus, wanda Sercan Sayin ya jagoranta a ƙarƙashin Farfesa Iain Couzin, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi gwajin zoben nan na Oxford. Sun je Kenya lokacin annobar 2020, suka riƙa kama 'ya'yan fara daga cikin runduna suna toshe wa wasu hanyar jin ƙanshi, wasu kuma gani, sa'an nan su mayar da su. Waɗanda ba sa gani ne suka rasa inda za su dosa. Daga nan suka koma ɗakin bincike suka ɗora fara ta gaske a kan wata ƙwallo mai juyawa, aka kewaye ta da hotunan fara na na'ura masu tafiya, waɗanda ake iya ƙara yawansu ko a sauya musu hanya yadda aka so. Da aka sa ta tsakanin runduna biyu masu tafiya fuska guda, dokar Vicsek ta ce ta bi tsakiya ta jera da su. Ba ta yi haka ba. Sai ta juya ta zaɓi ɗaya ta bi sawunta. Suka kuma tarar cewa yawan ƙwarin da ke kewaye da ita bai dame ta ba kamar yadda tsarin tafiyarsu ya dame ta: 'yan kaɗan masu tafiya a tsare sun fi jan ta bisa ga masu yawa da ke hargitse. Da suka sake nazarin gwaje-gwaje irin na zobe, ba su ga waccan iyaka ta yawa da aka daɗe ana ambata ba.

Ya kamata a auna wannan sakamako da ma'auninsa. Bai rushe maganar cewa cunkoso ne ke sauya halin fara daga mai kaɗaici zuwa mai taro ba, wannan tana nan daram. Bai kuma dawo da madugu ba. Abin da ya taɓa shi ne dokar da kowace ƙwaro ke bi bayan an taru, kuma ya tuna wa masana fiziks cewa ƙwaro yana da ido da ƙwaƙwalwa, yana yanke shawara, abin da ƙwayar ƙarfe ba ta yi. A ganinmu, abin yabo ne a ce wanda sunansa ke kan tsohon sakamako shi ne ya fito da wanda ya gyara shi. Amma duk kamfani ko hukumar da za a kawo wa wata na'urar hasashen hanyar fara a yi tallarta, yana da kyau ta tambaya a kan wace doka aka gina ta.

Da zarar fara ta yi fiffike ta tashi sama, iska ce ke da rinjaye a kan inda za ta sauka. Tun 1951 masani R. C. Rainey ya nuna cewa cincirindo yana bin iska ne, iska kuwa tana kwarara zuwa inda iskoki biyu ke karo, can ne kuma ruwan sama ke zuba. Wato iskar da ta ɗauke ta ita ke kai ta inda za ta sami danshin zuba ƙwai. A yankinmu wannan magama ita ce inda iskar damina mai tasowa daga teku ke haɗuwa da busasshiyar iskar hamada, tana hawa arewa da bazara tana saukowa kudu da kaka. Wuraren da aka fi sa wa ido a maƙwabtanmu su ne duwatsun Azbin da filin Tamesna a Nijar, Adrar na Iforas a Mali, da Tibesti da Ennedi a Cadi.

Nan ne lissafin kuɗi ya shigo. Annobar 2003 zuwa 2005 ta sa an yi feshi a kan hekta kimanin miliyan 13 a arewaci da yammacin Afirka, kuma an ƙiyasta abin da ta ci da Dala miliyan 570, kuɗin da FAO ta ce zai isa a yi aikin rigakafi a yankin na shekara 170. Dalilin wannan tazara yana cikin abin da aka bayyana a sama. Rundunar 'ya'yan fara a ƙasa take, a dunƙule, ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mita ko kilomita guda a yini, mota ɗaya da ma'aikata kaɗan sun ishe ta. Bayan kwana 30 zuwa 40 sai ta yi fiffike, daga nan kuma sai jiragen sama da kuɗin ƙasashen waje. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An sake ganin haka a gabashin Afirka: guguwa biyu, Mekunu a watan Mayu da Luban a Oktoba na 2018, sun zuba ruwa a hamadar Rub'ul Khali ta ƙasar Larabawa inda ba mai sa ido, yaƙin Yaman ya hana aikin sintiri, zuwa farkon 2020 Kenya ta ga farar da ba ta ga irinta ba cikin shekara 70. Bankin Duniya ya ware Dala miliyan 500 a watan Mayun wannan shekara domin ƙasashen da abin ya shafa.

Akwai kuma wani taron da ke motsi tare da na fara, shi ne na kasuwa. Hatsin da Nijar ta noma a 2004 ya gaza matsakaicin shekaru biyar da suka gabata da kimanin kashi 11 cikin ɗari ne kawai, kuma ƙarancin ruwan sama ya fi fara laifi a wannan giɓi. Duk da haka, kafin daminar 2005 ta yi nisa farashin gero ya ninka fiye da sau biyu, yunwa ta yi tsanani har a Maraɗi da Damagaram inda hatsi ke jibge a kasuwa. Dalilai da dama ne suka haɗu, ciki har da tsadar hatsi a arewacin Nijeriya da matakan da wasu ƙasashen yankin suka ɗauka na hana fitar da abinci. Amma wanda ya taɓa zama a Dawanau lokacin da jita-jita ta shigo ya san cewa ɗan kasuwa ma yakan dubi maƙwabtansa shida ko bakwai ne, idan suka rufe sito shi ma ya rufe. Kwatanci ne kawai, bai kamata a ja shi da nisa ba, domin mutum yana da rediyo da waya da bashin banki a kansa.

Ilmin halayyar taro ya soma sauya irin makaman da ake tanada. Tun 1989 wani shirin ƙasa da ƙasa mai suna LUBILOSA, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA mai hedkwata a Ibadan ta yi aiki a cikinsa ta reshenta na Kwatano, ya samar da maganin fara daga wani naman gwari mai kama fara da danginta kaɗai, aka sa masa suna Green Muscle. Ba ya kashe ƙudan zuma da tsuntsaye, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da soyayyar fara sana'a ce a Maiduguri da Kano. Sai dai yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya yi kisa, saboda haka amfaninsa yana wurin 'ya'yan da ba su tashi ba. A 2020 kuma masana a ƙasar Sin sun gano wani ƙanshi da wani jinsin fara mai ƙaura ke fitarwa da zarar huɗu ko biyar sun haɗu, wanda ke kiran sauran, suka kuma nuna cewa ana iya ɗana tarko da shi a fili.

Aikin sintiri a yammacin Afirka yana hannun wata hukumar FAO da ake kira CLCPRO, mai ofis a Aljiyas, wadda ta soma aiki a 2002, kuma cikin ƙasashenta har da Nijar, Cadi da Mali. Rahotannin ma'aikatanta na hamada, tare da hotunan tauraron ɗan Adam masu nuna inda ƙasa ta yi kore, su ake tattarawa a Rum a fitar da sanarwa kowane wata, kyauta a intanet, ɗauke da hasashen makonni shida masu zuwa. Abin da mai sayen hatsi ko mai ba manoma rance zai nema a cikinta shi ne ko an yi ruwa fiye da kima a Azbin da Tamesna a Agusta da Satumba, da kuma ko an soma ganin ƙwarin a rukuni-rukuni bayan ciyawa ta soma bushewa a Oktoba.